Alhamis Ukun da Na Yi Shiru

Wannan babin shi na fi daɗewa ina kewayewa. Sauran abubuwan da na ba ku labari, ko dai wasu ne suka yi mini, ko Allah ne ya saukar na karɓa. Wannan kuwa da bakina na jawo shi. Na san dukkanku kun ga bidiyon nan, ku da matanku da mazajenku, jikoki ma wata rana wani zai nuna musu, tunda abin da ya shiga waya ba ya ruɓewa. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku. Kun yi mini kawaici, Allah ya yi muku albarka. Amma gara ku ji yadda aka yi daga gare ni tun ina da sauran hankalina.

Kun san babbar yayarku ita ce 'yata ta fari. A gidanmu na haife ta, can Gagarawa, ina yaye ta kuma Gwaggonku Hajiya Dije, yayar babanku, ta zo daga Sule Tankarkar ta goya ta ta tafi da ita. Ba wanda ya yi shawara da ni, ni ma ban sa ran a yi ba. Haka muka tarar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna nata ne a gaban mutane. Ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi. Ku yaran yanzu kuna ganin abin kamar ƙiyayya, mu kuwa a wurinmu ado ne, da shi ake gane macen da ta fito daga gidan mutunci. Ni makarantar sakandare na gama, na karanta littattafai, amma wannan ɗin ko sau ɗaya bai taɓa zo mini a rai cewa abin dubawa ba ne. Ina ce mata 'yar Gwaggo, ita kuma tana ce mini Yaya. In ta zo hutu nan gidanmu na Gumel, nakan binne mata tsoka a ƙarƙashin tuwo inda ba mai gani, in miƙa kwanon ba tare da na dube ta ba. Iyakar abin da na iya ke nan.

Ta yi karatun likitan dabbobi, aka tura ta Maigatari. Duk Alhamis tana cikin kara tun da sassafe, wurin da ake sauke shanu da raƙuma da tumakin da suka ƙetaro daga Nijar, tana duba baki da kofato da ido, ta ware mai ciwo kada ya shafa wa sauran. Dogon takalmin roba take sawa, da farar riga a kan hijabinta. Fataken Damagaram lokotoro suke ce mata, wato likita a bakinsu, har wasu kan ƙi sauke dabba sai ta iso. Shekara da shekaru tana wannan aiki ba wanda ya ce uffan. Magana ba ta tashi ba sai da aka ɗora ta a kan sauran masu duba dabbobin, maza ne duka, wasu ma sun girme ta.

A wannan shekarar ina da wayar da ɗan'uwanku Nura ya saya mini, kuma maƙwabciyata Hajiya Asabe ta daɗe da sa ni a wani zauren mata na cikin waya. Mai zauren tana kiran kanta Uwar Biyu. Ba wadda ta taɓa ganinta ko jin muryarta, rubutu kawai take yi. Kullum da safe za ta turo addu'ar tashi daga barci, da nasiha a kan haƙuri, da yadda ake haɗa turaren wuta. Ina jin daɗin abin, ina tura wa dangi. A hankali sai ya zama cikin saƙonni biyar ɗaya a kan matan da ke fita aiki ne. Daga nan aka fara sa hotuna, an zagaye fuskar mace da jan layi, a ƙasa an rubuta, wa ke dafa wa mijin wannan abinci yanzu? Ba sa zagi da farko. Tambaya kawai suke yi, su bar mata su ƙarasa. Kowane saƙo da salati yake farawa, ya ƙare da cewa in kina kishin addininki ki tura wa mutum goma. Ni kuma hannuna nauyi yake mini in goge abin da ke ɗauke da sunan Allah, sai in tura. Ban san iyakar matan mutane da na taya yaɗawa ba. Wata rana Uwar Biyu ta rubuta cewa mace tagari ita ce wadda ludayinta ba ya hutawa wajen tuƙa tuwo. Na yi dariya har da hawaye, na leƙa ta katanga na kira Hajiya Asabe.

"Hajiya, kin taɓa ganin wadda ta tuƙa tuwo da ludayi?"

"Sai dai koko," in ji ta.

"To wannan Uwar Biyun taku ba ta san muciya ba. Ina jin gemu gare ta."

Muka yi dariya muka rabu. Na gane namiji ne ke mana nasiha da sunan mace, amma ban fita daga zauren ba. Na ce ai addu'o'in gaskiya ne.

Da kaka, bayan an gama yankan riɗi, aka yi suna a gidan ƙanina a Gagarawa Tasha. Muna zaune a tsakar gida mu tsofaffi, 'yan mata suna ta yawo da wayoyi suna ɗaukar kowa, kamar yadda ake yi yanzu. Sai Ladi taubashiyata, wadda tun muna yara ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba, ta matso da wayarta. Hoton yayarku ne a kara, ta riƙe muƙamuƙin wani ƙaton sa, maza sun kewaye ta.

"Ke, zo ki ga 'yarki," in ji Ladi. "An ce yanzu ita ce sarkin shanun Maigatari. Ashe za mu ci nama."

Wallahi a wannan lokacin ƙirjina cika ya yi da daɗi. Amma mata sun zuba mini ido suna jira su ga ko zan yi murmushi su sami abin faɗa. Sai na ja mayafi na rufe rabin fuska, na juya baya.

"Wace 'yata? Ni ba ni da 'ya a kara. Ku kau da shi daga gabana. Tun tuni na bayar, ba ruwana da ita."

"Ji munafuka," in ji Ladi. "Cikinta fari fat, tana wani ɓata rai."

Gidan ya ɗauki dariya, har da guɗa. Babu mace ɗaya a wurin da ba ta san abin da maganata take nufi ba. Kara ce ta uwa ga 'yar fari, kowa ya san juye take, abin da aka faɗa ba shi ake nufi ba. Na dawo Gumel ban ƙara tuna abin ba.

Bayan kamar kwana goma, ranar wata Laraba da hantsi, 'yar'uwarku Maryam ta shigo gidan nan ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta ajiye goyonta ta miƙo mini waya. Na ga kaina. An yanke Ladi, an yanke dariyar, an yanke guɗar. Ni kaɗai ce, na ja mayafi ina juya baya kamar mai kuka, an sa wani sauti mai ban tausayi a ƙasa, ana maimaita muryata sau uku: ni ba ni da 'ya a kara, ba ruwana da ita. Sai hoton yayarku da jan layi a fuska. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe, UWARTA MA TA YAFE TA. Wani shafin maza ne ya fara sawa, kafin azahar Uwar Biyu ta kawo shi zaurenmu da salati a kansa. Har yau ban san wadda ta ɗauka a gidan sunan ba, ban kuma yarda da mugun nufi ta ɗauka ba. Ta sa a wayarta, wani ya gani, ya san abin da zai yi da shi. Na zauna ina bin abin da mutane ke rubutawa a ƙasa, sai na lura da wani abu. Sunaye daban-daban, wasu na mata, wasu da hoton fure, amma jimlar ɗaya ce, hawayen uwa ba ya zuba a banza, kuma dukkansu harafi ɗaya suka tsallake a wuri ɗaya. Hannu ɗaya ne ya rubuta ya raba. Bayansu kuma sai mutanen gaske suka biyo, waɗanda na san iyayensu, suna ta yi mini addu'ar Allah ya ba ni haƙurin wannan jarrabawa. Ranar Laraba suka sake shi, don ya kwana a wayoyin mutane kafin kasuwa.

Washegari da la'asar yayarku ta iso Gumel kai tsaye daga kara, takalmin robar na ƙafarta. Ta cire a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, ta zauna a gefen tabarma. Ta ce da ta nufi garken farko, wani dillali ya gitta mata sanda, ya ce, Madam, kada ki taɓa, wadda uwa ta yafe hannunta ba albarka. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Wani tsohon bafataken Nijar da ya daɗe da saninta ya ja ta gefe ya tambaye ta a hankali, lokotoro, gaskiya ne?

"Ai kowa ya san wasa ne," na ce. "Ke ma kin sani."

"Na sani, Yaya. Matan Gagarawa ma sun sani. Wayar ce ba ta sani ba."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Abu ɗaya na zo roƙo. Ki bari Maryam ta ɗauke ki. Ki ce ni 'yarki ce, ki kira sunana, ki sa mini albarka. Ko minti ɗaya ba zai kai ba."

Tunda aka haife ta ba ta taɓa roƙona komai ba. Kuɗin makaranta, kayan ɗaki, duk wurin Gwaggo take zuwa. Na dubi ƙasa na ce mata ta bari babanku ya dawo. Ta ce to. Ta ƙi cin abinci, ta ce tana so ta sami mota kafin magariba.

Babanku a lokacin yana kan hanya da babbar mota, sai ranar Lahadi ya shigo. Na zuba masa ruwa, na bari ya ci abinci, sannan na faɗa masa. Ashe ya riga ya gani a tasha.

"Wutar kara ce," in ji shi. "In kika hura ta sai ta tashi. Ki bar su, mako mai zuwa za su sami wata."

"Ita ce ta roƙa."

"To in kina iyawa ki yi. Ni ban hana ki ba. Amma ki sani fuskarki za ta ƙara yawo."

Ku lura, bai hana ni ba. Na faɗi wannan ne don na ji wasu a dangi suna ɗora masa, Allah ya ji ƙansa, alhali ba shi da laifi. Gwaggonku ma ba ta hana ba. Ita da kanta ta sa aka ɗauki muryarta tana cewa ita ta raini yarinyar, kuma ba a taɓa yafe ta ba. Shafin suka amsa da layi ɗaya, mariƙiya ba uwa ba ce, a kawo uwar. Gwaggo ta kira ni a waya ranta a ɓace.

"Sun ce ni ba kowa ba ce. Shekara ashirin ina wanke mata kai. To ke da kike kowa, buɗe baki mana."

Na ce mata in sha Allah. Alhamis ta biyu ta zo ta wuce ban yi ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya riƙe ni. Kunya tana ciki, ba ƙarama ba. Sau da yawa na shiga ɗaki na rufe ƙofa na gwada furta sunan ni kaɗai, harshena ya ƙi. Tsoron mata ma yana ciki, su Hajiya Asabe da ke shigowa suna dafa kafaɗata suna cewa sannu da haƙuri, ni kuma ina amsawa da yawwa, don gyara musu zance ya fi mini wuya. Amma akwai na uku, shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara biyu ina karanta Uwar Biyu kowace safiya kafin in karya. Abin ya zauna mini a wani wuri ban sani ba. Wata zuciyar tana ce mini, to in kuma suna da gaskiya fa? In kika sa mata albarka a bainar jama'a, ba kin sa hannu a kan cuɗanya da maza ba ke nan? Ni da na san tarbiyyarta, na san ba ta wasa da salla, na san mijinta Malam Sani da kansa yake kai ta bakin kara a babur, ni ce na zauna ina auna 'yata da ma'aunin wani ƙato da bai san muciya ba. Na yi istigfari a kan wannan fiye da kowane abu a rayuwata.

A makon nan suka koma kan Malam Sani. Suka haɗa hotonsa da goyo a baya da zani a ƙugu, suka sa masa mijin Hajiya. Malamin makaranta ne, sai da ta kai yana shiga aji ana ƙus-ƙus. Waɗanda ke ƙarƙashin yayarku kuma suka fara yi mata kunnen ƙashi. In ta ce a ware saniya, sai a tsaya ana kallon juna. Aka ce har takarda ake zagayawa da ita ana sa hannu. Ba ta sake zuwa ba, ba ta kira ba. Maryam ce ke kawo mini labari, kullum ta gama sai ta tsaya tana kallona, ni kuma in tashi in shiga madafa.

Ranar Alhamis ta uku tun safe na kasa komai. Na ɗora tukunya na manta ban sa gishiri ba. Da na idar da azahar na daɗe a kan sallaya, na ce ya Ubangiji, kai ka ba ni ita, ba Gwaggo ka ba ba, ba mutanen Gagarawa ba, kuma ni za ka tambaya. Washegari Juma'a da safe na aika aka kira Maryam. Na sa hijabi na zauna a bakin gado, ta ɗaga wayar. Sau huɗu muna farawa ina tsayawa. A na biyar na rufe ido na ce, Sa'adatu 'yata ce, ni na haife ta, ban taɓa yafe ta ba, abin da kuka ji kara ce irin ta iyayenmu, aikinta halal ne, Allah ya yi mata albarka duniya da lahira. Da na buɗe ido na ga Maryam tana kuka, wayar na rawa a hannunta. Shekarun yayarku talatin da bakwai a lokacin, ranar na fara kiran sunanta.

Ni da kaina na tura shi zauren mata. Kafin a tafi masallaci an cire ni. Shafin mazan kuwa suka ɗauka suka sa, suka nuna inda na rufe ido da inda hoton ke rawa, suka rubuta, dubi yadda aka tilasta wa tsohuwa. Bai yi yawo ko kusa da na farko ba. Na tambayi mutane da yawa daga baya, kowa ya ga wancan, ɗai-ɗai ne suka ga wannan. Hajiya Asabe ta leƙo ta katanga ta ce mini, "Haba Hajiya, da girmanki, 'yar fari, a waya?" Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Duk wannan da sauƙi. Da yamma Malam Sani ya kira ya yi mini godiya, sannan ya ce ai tun jiya, da aka tashi daga kara, yayarku ta miƙa takarda tana neman a mayar da ita ofis.

Na bari aka kwana biyu, ranar Alhamis ta gaba na hau mota na tafi Maigatari. Ban taɓa zuwa gidanta ni kaɗai ba sai ranar. Hanya cike da manyan motoci da babura, kukan shanu har cikin unguwarsu. Na same ta a tsakar gida da faranti tana tsince shinkafa, a ranar kasuwa, da hantsi. Ta tashi ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa.

"Kin gani?" na ce.

"Na gani, Yaya. Na gode. Allah ya saka da alheri."

"To ki janye takardar mana. Ai yanzu an ji."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Ba don a ji na roƙe ki ba. Dillalan nan na san su, da an kwana biyu dabba ta fara mutuwa su za su neme ni. Duk Alhamis ɗin nan in na tsaya a gaban sandar mutumin nan yana cewa uwata ta yafe ni, so nake in ce ƙarya yake. Sai in tuna na je na roƙa an ce in jira. Sai bakina ya mutu."

"Kunya ce, 'yar nan."

"Na sani. Ban riƙe ki ba, wallahi. Da a ta farko kika faɗa, ko ba wanda ya gani sai ni, da ina can yanzu. Amma na gaji, Yaya. Na gaji kawai."

Na zauna har azahar na taya ta tsintar, muka yi hirar yara da tsadar gero. Ta raka ni bakin titi ta sa ni a mota.

Ba ta koma kara ba. Tana ofis tana sa hannu a takardu, namiji aka sa a gurbinta, an ce shi ma ba laifi. Shafin nan bai ƙara ambatonta ba. Babanku ya yi gaskiya, wata suka samu, wata shugabar makaranta a wani gari, Maryam ta nuna mini, da jan layin da jimlar nan tasu ba su ko sauya ba. Na sa ta rufe wayar. Yayarku tana zuwa gaishe ni duk wata, tana yi mini hidima fiye da kowa a cikinku, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sau biyu na sake ce mata ta nemi komawa, ta yi murmushi ta kawo wani zancen.

Saboda haka in wani ya nuna muku bidiyon nan, ko ya nuna wa 'ya'yanku, kada ku tsaya kuna rantsuwa cewa yanka shi aka yi. An yanka ɗin, masu yankan kuma suna da nasu hisabin. Ku ce musu yayarmu ta iya aikinta, ba korarta aka yi ba, kuma uwarta ba ta yafe ta ba. In suka ce to me ya fitar da ita daga kara, ku faɗi gaskiya. Ta zo ta roƙi uwarta magana ɗaya, uwar ta bari sai da Alhamis uku suka wuce.